Darasin Rubuta Manhaja a Makarantun Sakandare: Abin da Yaranmu Za Su Samu, da Abin da Suke Rasawa



Shugaban taro, shugabannin reshe, iyayenmu malamai da suka ajiye alli bayan doguwar hidima, shugabannin makarantu, 'yan uwa malamai maza da mata, da iyalanmu da suka zo taya mu zama, barkanmu da wannan rana. Muna godiya da aka ba mu wannan dama, mu da muke koyar da darasin kwamfuta, domin mu faɗi abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya taɓa raka ɗalibai cibiyar jarrabawar JAMB ya ga abin da za mu fara da shi. Tun shekarar 2015 hukumar ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma a 2024 hukumar WAEC ma ta fara bin wannan hanya ga masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Sai ka ga yaro mai hazaƙa, wanda ya kwana yana bitar littattafansa, ya zauna gaban na'ura hannunsa na rawa, domin ranar ce ta farko da ya taɓa ta. Abin takaicin shi ne wannan yaron ya shekara uku ko fiye yana darasin kwamfuta a hannunmu. Ya haddace ma'anar kwamfuta, ya haddace rabe-rabenta da zamunanta, ya zana hotonta a littafinsa har da launi. Mun koya masa labarin kwamfuta, ba mu koya masa kwamfuta ba.

Wannan ita ce matsala ta farko, kuma kowa ya yarda a magance ta. Amma abin da ya tara mu yau ya zarce iya danna maɓalli. Akwai bambanci tsakanin wanda ya iya amfani da manhajar da wani ya rubuta da wanda ya iya rubuta tasa, kamar bambancin da ke tsakanin mai sayen riga a kasuwa da telan da ya auna, ya yanka, ya ɗinka. Maganarmu a kan ɗinkin take.

Mene ne rubuta manhaja? Shi ne mutum ya tsara wa na'ura jerin umarni, mataki bayan mataki, cikin harshen da take bi, domin ta gudanar da wani aiki. Duk girman manhaja, daga wadda ke cikin na'urar POS ta bakin kasuwa har zuwa wadda ke lissafa albashinmu, tubalanta na asali uku ne. Akwai jeri, wato yi wannan sannan ka yi wancan. Akwai sharaɗi, wato idan kaza ya faru yi kaza, idan bai faru ba yi kaza. Akwai maimaici, wato ci gaba da yin kaza har sai kaza ya cika. Waɗannan ba baƙin abubuwa ba ne a wurinmu. Ku ɗauki zakkar amfanin gona kamar yadda aka koya mana: idan hatsin bai kai nisabi ba, babu zakka, idan ya kai, kuma ruwan sama ne ya shayar da shi, a fitar da kashi ɗaya cikin 10, idan kuwa da wahalar ban ruwa aka noma shi, a fitar da kashi ɗaya cikin 20. Yaron da ya fahimci wannan hukunci ya riga ya fahimci sharaɗi. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi rubuta shi yadda na'ura za ta bi.

Muna faɗin haka ne saboda wasu iyaye, har ma da wasu malamai, suna ɗaukar wannan ilimi a matsayin kayan Turawa da ba shi da tushe a wurinmu. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Kalmar da duniya ke kiran jerin matakan warware matsala da ita, wato algoridim, ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Daga sunan littafinsa ne kuma aka samo kalmar aljebra, kuma babban ɓangare na littafin a kan lissafin gado da wasiyya yake. A nan ƙasarmu, wani malami ɗan Katsina, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya kammala wani rubutu a shekarar 1732 inda ya bayyana hanyoyin jera lambobi a cikin hatimi mai gidaje mara, ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ko a tsaye, ko a kwance, ko a karkace. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Abin da ya rubuta jerin matakai ne da kowa zai bi ya samu sakamako ɗaya. Da zai ga ajinmu na yau, da zai gane darasin tun kafin mu gama gabatarwa.

To, me ɗalibi ke samu a wannan darasi wanda da wuya ya same shi a wani wuri? Bari mu kawo misali daga aikin da kowannenmu ya sani, wato haɗa sakamakon ƙarshen zango. Mukan ba ɗalibai aikin rubuta 'yar ƙaramar manhaja da za ta karɓi maki ta fitar da daraja bisa tsarin WAEC: daga 75 zuwa sama A1, daga 70 zuwa 74 B2, haka har zuwa F9 ga wanda bai kai 40 ba. Kusan kullum sai an samu ɗalibin da zai rubuta cewa idan maki ya wuce 75 a ba da A1. Zai gwada da 80, ya ga daidai. Zai gwada da 60, ya ga daidai. Sai mu ce masa ya gwada da 75 cif. Nan take na'ura za ta hana wa mai 75 darajarsa, domin 75 bai wuce 75 ba. Yaron zai yi shiru yana kallon allon, can sai ka ga fuskarsa ta washe: ashe "ya wuce" daban, "ya kai" daban. Malamin Hausa da malamin lissafi sun sha nuna masa wannan bambanci, amma ranar ce ya ga yadda kalma ɗaya take tauye haƙƙin mutum. Ɗan Adam yana jin magana ya cike giɓinta da hankalinsa. Na'ura ba ta cikewa. Abin da ka ce shi za ta yi, ko da ba shi kake nufi ba. Saboda haka mai koyon ba ta umarni dole ya koyi faɗin abin da yake nufi daidai.

Akwai abu na biyu a cikin wannan misali, kuma a ganinmu shi ne mafi daraja. A yawancin darussanmu kuskure abin kunya ne. Yaro ya ba da amsa, a ja masa jan biro, aji ya yi dariya, wani lokaci har da bulala. Daga nan yakan koyi cewa shiru ya fi aminci. A darasin rubuta manhaja kuwa kuskure shi ne abincin yau da kullum. Da wuya ƙwararren da ya shekara ashirin yana wannan aiki ya rubuta manhaja mai tsawo ta yi aiki a gwajin farko. Aikin ke nan: ka rubuta, ka gwada, ta ƙi, ka bi sawun matakanka ɗaya bayan ɗaya har ka gano inda ka kauce, ka gyara, ka sake gwadawa. Na'ura ba ta yi wa yaro tsawa, ba ta kuma san ɗan wane ba ne. Mun ga ɗalibai masu jin nauyin ɗaga hannu a aji sun zauna awa guda suna farautar waƙafi ɗaya da ya ɓace musu, ba wanda ya tilasta su. Yaron da ya saba cewa "bari in duba inda na yi kuskure" maimakon "ni ban iya ba" ya samu abin da zai amfane shi ko da gona ko shago ko asibiti ya nufa.

Abu na uku shi ne dabarar rage wa matsala girma. Akwai wani wasa da muke yi da ɗalibai ba tare da kwamfuta ba. Ɗaya zai riƙe lamba a zuciyarsa tsakanin 1 da 100, sauran su yi ta canka, shi kuma ya riƙa cewa "sama" ko "ƙasa". Da farko sukan yi ta harbi a duhu. Daga baya wani zai lura cewa idan aka fara da 50, rabin lambobin sun fita a tambaya ɗaya, idan aka sake raba saura biyu, wani rabin ya fita. Da wannan hanya tambaya 7 ta isa a kama kowace lamba. Sai mu tambaye su: idan daga 1 zuwa 1,000,000 ne fa? Sukan ce dubbai. Amsar ita ce 20. Mamakin da ke bayyana a fuskokinsu a wannan lokaci shi ne ladan malami. Sun gano da kansu cewa tsari mai kyau ya fi yawan wahala, kuma da irin wannan dabara ce na'ura ke zaƙulo sunan mutum ɗaya cikin miliyoyi kafin ƙiftawar ido.

A nan ya kamata mu yi adalci, domin mu malamai ne, ba 'yan talla ba. Tun shekarun 1960, lokacin da Seymour Papert da abokan aikinsa suka fito da harshen Logo domin yara a Amurka, an yi fatan cewa koyon manhaja kaɗai zai kaifafa tunanin yaro a kowane fanni. Binciken da aka yi a shekarun 1980 ya nuna cewa abin ba ya faruwa haka kawai. Sai malami ya gina gadar da hannunsa, ya nuna wa yaro cewa yadda ya bi sawun kuskure a manhaja haka zai bi shi a lissafi, yadda ya jera matakai haka zai jera hujjojinsa a insha'i. Wannan ya sa muke cewa darasin ba na malamin kwamfuta kaɗai ba ne. Malamin lissafi yana da rabo a ciki, malamin kimiyya da na harshe ma haka.

Sai batun abinci, wanda shi ne tambayar farko da uba zai yi. Ba za mu yi wa kowa alkawarin cewa ɗansa zai zama attajiri ba. Amma ku duba abin da ya faru a ƙasar nan tun zuwan wayar salula a 2001. Banki ya koma waya, rajistar jarrabawa ta koma intanet, tantance mai zaɓe ya koma na'ura. Duk waɗannan mutane ne suka rubuta su, kuma ana biyan su. Kamfanin Paystack, wanda matasan Nijeriya biyu suka kafa a Legas domin sauƙaƙa biyan kuɗi ta intanet, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasahar zamani. Ƙofa a buɗe take, amma wanda ya fara tun yana aji huɗu na sakandare ba zai yi daidai da wanda ya fara jin sunan abin bayan ya gama jami'a ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ingila ta sanya wannan ilimi cikin manhajar karatunta tun daga 'yan shekara biyar a 2014. 'Ya'yan masu hali a manyan biranenmu suna samun sa a makarantun kuɗi. Ɗan talaka da ɗan malami, in bai same shi a makarantar gwamnati ba, ina zai same shi?

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayin masu harshe. Duk wanda ya taɓa neman ɓ da ɗ da ƙ a wayarsa ya rasa, ko ya ga sunansa ya lalace a takardar hukuma, ya san cewa na'ura tana yi wa wanda ya tsara ta hidima ne kafin kowa. Manhajar fassara ta Google ta fara karɓar Hausa tun 2013, amma har yau mai jin Hausa yakan ga inda take tuntuɓe. Manomin da ke son sanin farashin masara a Dawanau, da ungozomar da ke son ajiye bayanan masu juna biyu a ƙauyenta, suna buƙatar manhaja mai jin harshensu da sanin halin da suke ciki. Ba wanda zai rubuta musu ita da kyau kamar 'ya'yansu.

Muna roƙon iyaye da kada su ɗauka wannan fage na maza ne. Ada Lovelace, wadda ake yawan ambata a matsayin ta farko da ta wallafa jerin umarni domin na'urar lissafi, ta yi haka ne a 1843. Mata shida ne suka fara tsara wa ENIAC aiki, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko na lantarki, a tsakiyar shekarun 1940. A ajinmu ma mun ga yadda 'yan mata ke yin fice idan aka ba su wuri. Abin da ke hana su sau da yawa shi ne idan kwamfuta ɗaya ce ga mutum biyar, namiji ne ke riƙe maɓallan, mace tana leƙe daga baya. Gyaran wannan a hannunmu yake. Ga shi kuma sana'a ce da mace za ta iya yi daga ɗakinta bayan aure.

Mun san akwai damuwa iri uku da ake kawo mana, kuma dukkansu sun cancanci amsa. Ta farko ita ce tsoron kada mu koya wa yara zamba ta intanet. Mai damfara ba ya buƙatar iya rubuta manhaja. Jarinsa ƙarya ce da rashin sanin wanda ya faɗa tarkonsa. Yaron da ya san yadda na'ura ke aiki shi ne zai hana mahaifiyarsa ba wa baƙon murya lambar sirrinta. Duk da haka tarbiyya wajibi ce a cikin darasin, kuma ya kamata ɗalibi ya san cewa tun 2015 ƙasar nan tana da dokar hukunta laifuffukan intanet.

Ta biyu ita ce cewa tun da manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka bayyana a ƙarshen 2022, na'ura da kanta tana rubuta manhaja, don haka me ya rage wa yaro? Gaskiya ne tana rubutawa, kuma aikin zai sauya. Amma tana yin kuskure, kuma takan yi shi da cikakkiyar gadara. Wa zai gane cewa ta rubuta "ya wuce" a inda ake nufin "ya kai"? Sai wanda ya taɓa yin kuskuren ya gyara da hannunsa. Zuwan kalkuleta bai sa mun daina koyar da lissafi ba.

Ta uku ita ce wadda ta fi kowacce nauyi: babu wuta, babu kayan aiki. Wannan gaskiya ce da muke kwana da ita muke tashi da ita. Amma mu tuna cewa wasan canki da muka ambata bai buƙaci ko batir ba. Akwai tsarin koyarwa guda da malamai a Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand suka shirya domin koyar da tushen wannan ilimi da kati da alli da wasa. Kati biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16 sun isa yaro ya ƙirga daga 0 zuwa 31 yadda kwamfuta ke ƙirgawa. Harshen Python kyauta ne, Scratch ma kyauta ne, ana iya sauke su sau ɗaya a yi ta aiki ba tare da intanet ba, kuma Python yana gudana har a wayar Android. Amma kada a fahimce mu a karkace, a ce tun da malamai sun iya dabara, ba sai an kawo kaya ba. Ba a koyon iyo a tudu. Wasan kati shimfiɗa ne. Dole yaro ya kai ga na'ura ya ga umarninsa yana aiki.

Saboda haka muna gabatar wa reshe buƙatu huɗu, muna fatan shugabanni za su kai su inda ya dace. Na farko, horo. Da yawa daga cikinmu an ba mu wannan darasi ne saboda babu wani, alhali fanninmu daban, kuma ba abin kunya ba ne mu faɗa. Muna neman horo na gaske a lokacin hutu, wanda za a zauna gaban na'ura a yi aiki, ba taron kwana ɗaya da rabon takardar shaida ba. Na biyu, a buɗe ɗakunan kwamfutar da aka kulle. Mun san makarantun da aka kawo wa na'urori, aka lulluɓe su da ƙyalle don tsoron lalacewa, ba a buɗewa sai ranar da baƙi za su zo. Na'urar da ta lalace a hannun ɗalibi ta yi aikinta. Wadda ƙura ta cinye asara ce. Na uku, wutar sola ko da ta ɗaki ɗaya ce, kuma a nan ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai za su iya taka rawa. Na huɗu, a ba darasin zama biyu a haɗe a jadawali, domin minti 40 yakan ƙare kafin a gama kunna na'urori da zaunar da yara.

Mu ma akwai abin da ya rataya a wuyanmu, wanda ba sai mun jira kowa ba. Manhajar karatun da ke hannunmu ta riga ta ƙunshi algoridim da zanen matakai. Mu daina rubuta su a allo don a kwafa a haddace. Mu ba yara matsala daga rayuwarsu: lissafin adashi, ribar mai sayar da ƙosai, rabon taki a gona. Wanda ya iya a cikinmu ya koya wa wanda bai iya ba, ko da sau ɗaya ne a wata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kuma ɗalibi ya riga mu gano wani abu, kuma hakan zai faru, mu yaba masa a gaban aji. Girmanmu ba zai ragu ba.

Ga iyayen da ke zaune a nan, roƙonmu ƙarami ne. Idan yaro ya dawo gida ya ce ya rubuta wani abu ya yi aiki, ku zauna ku gani ko da ba ku gane ba. Idan akwai waya a gida, a ware masa lokaci ya yi aikin makaranta da ita a gabanku.

'Yan uwa, yaran da ke gabanmu yau za su yi rayuwarsu ne a duniyar da manhaja ke yanke hukunci kan wa zai samu gurbin karatu, wa zai samu rance, wa sunansa zai fito a jerin albashi. Mu da muka taɓa bin layi saboda na'ura ta ce ba ta san mu ba, mun san ɗacin tsayawa gaban abin da ba ka fahimta ba kuma ba ka da ikon tuhumarsa. Ba ma son mu bar wa ɗalibanmu wannan gado. Muna son a cikinsu a samu waɗanda za su iya buɗe abin su karanta, su ce ga inda aka yi kuskure, su kuma gyara.

Allah Ya sanya albarka a cikin aikinmu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.